Kwamfutar tebur ta ƙi samun intanet ta kebul, alhali Wi-Fi yana aiki lafiya

Ɗalibin Ilimi:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman taimakon masana a kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin kwamfutata ta tebur da rautar da kamfanin intanet ya kawo mana gida, wato na'urar da ke raba wa na'urorin gida intanet. Kwamfutar tana aiki da Windows 11, kuma ba ta da Wi-Fi, saboda haka ba ta da wata hanyar shiga intanet in ba kebul ba. Rautar tana falo, kwamfutar kuwa tana wani ɗaki a ƙuryar gida, kebul ɗin da ya haɗa su ta cikin silin aka ja shi, kuma a ƙiyasina tsawonsa bai wuce mita 30 ba. Mai aikin wutar lantarkin da ya ja shi, shi ne ya matse masa kawunansa biyu, a jikin kebul ɗin kuma an rubuta Cat5e.

Abin da yake faruwa shi ne, da zarar na cusa kebul ɗin, 'yar fitilar da ke bakin ramin bayan kwamfuta takan kama, ta jikin rauta ma haka, amma sai Windows ta rubuta "Unidentified network", ta ce babu intanet. Da na buɗe Command Prompt na rubuta ipconfig, adireshin da ya fito ya fara ne da 169.254, layin Default Gateway kuwa babu komai a gabansa. Wani lokaci, bayan an daɗe ana jira, sai adireshin ya koma mai farawa da 192.168.1, shafuka su fara buɗewa da ƙyar, can kuma sai komai ya sake tsayawa cak. Na kuma lura cewa saurin haɗin da Windows take nunawa megabit 100 ne a sakan, alhali takardun kwamfutar da na rautar duka sun ce ramukansu na gigabit ne, wato megabit 1000 a sakan. Wayoyin hannu da ke gidan kuwa suna shiga intanet ta Wi-Fi na wannan rautar ba tare da wata tangarɗa ba.

Na kashe rautar na kunna, na kashe kwamfutar na kunna, na kuma gwada manhajar gano matsala da ke cikin Windows, duk babu abin da ya sauya. Wani abokina ya ce katin sadarwar kwamfutar ne ya mutu, wani kuma ya ba ni shawarar in goge Windows in sake ɗora ta. Kafin in yi ɗaya daga cikin biyun, ko in kira kamfanin intanet, ina so in ji daga bakin waɗanda suka san aikin: ta ina ya kamata in fara, kuma me waɗannan alamu suke nunawa? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Sadarwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka goge Windows tukuna, kada kuma ka sayi wani kati, domin bayanin da ka kawo ya riga ya rage mana aiki sosai, kuma a cikin alamun da ka lissafa babu wadda ta isa a yanke wa kati ko manhaja hukunci a kanta.

Mu fara da waɗanda za mu wanke daga zargi. Tun da wayoyin hannu suna shiga intanet ta wannan rautar, layin kamfanin lafiyarsa ƙalau, haka nan sashen rautar da ke raba adireshi yana aiki, domin shi ne yake bai wa wayoyin nasu adireshin. Kiran kamfanin a wannan mataki ɓata lokaci ne kawai, za su ce ka kashe ka kunna, abin da ka riga ka yi. Matsalar tana wani wuri ne tsakanin ramin rautar da manhajar kwamfutarka, wato ko ramin, ko kebul, ko katin, ko saitin Windows.

Adireshin nan mai farawa da 169.254 ba rautar ce ta ba ka shi ba, kwamfutar ce ta ba kanta. Duk na'urar da aka haɗa da rauta takan nemi adireshin IP ta tsarin da ake kira DHCP, wanda a cikinsa ake musayar saƙonni huɗu: kwamfuta ta yi shela tana neman mai ba da adireshi, rauta ta yi mata tayin wani, kwamfuta ta amsa cewa ta karɓa, sannan rauta ta tabbatar mata. Idan aka yi ta shela babu amsa, sai Windows ta zaɓo wa kanta wani adireshi daga rukunin da aka keɓe domin irin wannan hali, wanda ƙa'idar RFC 3927 ta shekarar 2005 ta fayyace. Irin wannan adireshi ba ya fita waje da gida, shi ya sa ka ga layin Default Gateway, wato mashigar da ake bi a fita intanet, babu komai. Sai dai Windows ba ta daina nema ba, takan sake gwadawa lokaci-lokaci a ɓoye, kuma ranar da saƙonnin huɗu suka dace suka wuce lafiya, sai ka ga 192.168.1 ya bayyana. Wannan dacewar ta jefi-jefi babbar shaida ce a wurina, domin katin da ya mutu murus ba ya samun adireshi ko sau ɗaya. Abin da muke gani ya fi kama da hanya wadda wasu saƙonni suke wucewa, mafi yawa kuma suke salwanta.

Kada fitilar ta yaudare ka. Kamawarta tana nufin katin kwamfuta da ramin rauta sun ji motsin juna a kan waya, sun kuma daidaita a kan saurin da za su yi aiki da shi, ba ta nufin bayanan da ake aikawa suna isa yadda aka aike su. Kowane ƙunshin bayanai na Etanet, wato tsarin sadarwa ta kebul, yana ɗauke da bayit huɗu a ƙarshensa na tantancewa, kuma idan mai karɓa ya lissafa ya ga lissafin bai yi daidai ba, sai ya zubar da ƙunshin gaba ɗaya ba tare da ya sanar da kowa ba. Saboda haka yana yiwuwa fitila ta kwana a kunne alhali rabin abin da ake aikawa yana zubewa a hanya.

Batun saurin da ka ambata a ƙarshe shi ne ya fi ɗaukar hankalina. A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi takwas da aka murɗe biyu-biyu, tagwaye huɗu ke nan. Haɗi mai saurin megabit 100 tagwaye biyu kacal yake amfani da su, waɗanda ke kan haƙoran bakin kebul na 1 da 2 da kuma na 3 da 6, amma gigabit, wanda ƙa'idar IEEE 802.3ab ta kafa a 1999, sai da tagwayen huɗu duka yake tafiya. Idan na'urori biyu masu gigabit suka kasa haɗuwa a kan gigabit, katuna da yawa sukan sauko da kansu zuwa 100. Cat5e kuwa ya isa ya ɗauki gigabit har tsawon mita 100, don haka mita 30 ba uzuri ba ne. Zargina ya fi karkata ga kebul ɗin, musamman kawunan da aka matse da hannu.

Ga abin da nake so ka yi. Ka samo gajeren kebul na kamfani wanda ka tabbata yana aiki, irin wanda yakan zo a kwalin rauta, ka ɗauko kwamfutar ka kawo ta kusa da rautar, ka haɗa su kai tsaye a ramin da dogon kebul yake ciki yanzu. Idan ta yi aiki, ka wanke katin, da Windows, da ramin a lokaci guda. Idan ba ta yi ba, ka matsa zuwa wani ramin, kana lura cewa cikin ramukan LAN na na'urorin gida kake, ba ramin WAN na layin kamfani da ake yawan bambanta launinsa ba, kuma ka sani wasu kamfanoni sukan keɓe rami ɗaya domin akwatin talabijin. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, in ba haka ba ko an dace ba za ka san abin da ya gyara ba. Sannan ka duba kawunan dogon kebul ɗin duka biyu, ka riƙe kowanne haƙoransa suna kallonka, kebul ɗin yana ƙasa, ka rubuto mana jerin launukan wayoyin daga hagu zuwa dama.

Mai Gyaran Kwamfuta:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya gamsar, kuma ban musa cewa kebul shi ne kan gaba a zargi ba. Sai dai ina ganin bai kamata a sallami ɓangaren manhaja da wuri haka ba, domin a wurin aiki na sha ganin waɗannan alamu, har da saukowar sauri zuwa 100, a kwamfutocin da kebul ɗinsu ba shi da laifin komai. Ɗaukar kwamfutar tebur da allonta zuwa wani ɗaki kuma aiki ne, alhali akwai abubuwan da Malam zai iya dubawa yana zaune a kujerarsa.

Ɗan'uwa, da ka ce ka kashe kwamfutar ka kunna, ta wace hanya ka yi? Tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast Startup, wanda idan ka danna Shut down ba ya kashe komai gaba ɗaya, yakan adana halin da ƙashin bayan manhajar da direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa katuna, suke ciki ne, ya dawo da su yadda suke idan an kunna. Direban katin sadarwa da ya rikice zai iya dawowa da rikicewarsa. Restart shi ne yake tayar da komai daga tushe, shi za ka danna.

Bayan wannan ka buɗe Device Manager, ka nemo katin sadarwarka, wanda a mafi yawan kwamfutocin tebur na Realtek ne ko na Intel, ka shiga saitinsa ka duba layin Speed & Duplex. Dole ya kasance a kan Auto Negotiation, wato katin da rauta su tattauna su daidaita sauri da kansu. Idan wani ya taɓa ɗaure shi a kan 100, ga amsar saurin nan ka samu. Illar ɗaurewar ma ta wuce rage sauri, domin idan ɓangare ɗaya ya daina tattaunawa ya kafe a kan aikawa da karɓa a lokaci guda, ɗaya ɓangaren yakan gane saurin amma ya ɗauka cewa bi da bi za a riƙa yi, sai saƙonni su yi ta karo, haɗi ya zama yana nan amma kamar babu. A wannan wurin kuma za ka ga Energy Efficient Ethernet, a wasu katunan har da Green Ethernet, dabarun rage cin wuta ne da wasu rautoci ba sa jituwa da su, ka kashe su na ɗan lokaci domin gwaji. Haka nan ka cire alamar da ke bai wa Windows izinin kashe katin don tattalin wuta.

Gwajin da na fi so shi ne a cire DHCP daga lissafi baki ɗaya. Ka duba wayarka ta hannu ka ga adireshin rautar, wanda bisa bayaninka zai zama 192.168.1.1 ko makamancinsa, sai ka sa wa kwamfutar adireshi da hannu, misali 192.168.1.200, abin rufe rukuni (Subnet mask) 255.255.255.0, mashiga (Default Gateway) kuma adireshin rautar. Daga nan sai ka bi matakan ping daki-daki, wato umarnin da ake rubutawa a Command Prompt domin a aika ƙunshi ga wani adireshi a ga ko zai amsa. Ka fara da ping 127.0.0.1, wanda manhajar sadarwa ta cikin Windows kaɗai yake gwadawa, ko katin ba ya taɓawa, don haka nasararsa ba ta cewa komai game da kebul. Sai ka tura wa rautar da ping -n 50 192.168.1.1, ka ga kashi nawa ya ɓace. A kan kebul mai lafiya bai kamata ko ɗaya ya ɓace ba, kuma amsa takan dawo a cikin kusan milisakan ɗaya. Ka sake turawa da manyan ƙunshi, ping -n 50 -l 1472 192.168.1.1, domin wanda Windows take aikawa da kanta bayit 32 ne kawai, ƙaramin ƙunshi kuwa yakan tsallake hanyar da babba ba zai tsallake ba. Idan rautar tana amsawa lafiya, ka gwada 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, kuma idan waɗannan sun amsa amma shafuka sun ƙi buɗewa da sunayensu, to matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshi, wannan kuma wani babi ne daban.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da zan ambata a taƙaice. Manhajar VPN ko ta kariya daga ƙwayoyin cuta takan toshe hanya, kuma wasu masu gida sukan kunna tace adireshin MAC, wato lambar shaidar kowane katin sadarwa, a rauta su manta. Idan akwai wata tsohuwar rauta da aka maƙala a gidan domin ƙara nisan Wi-Fi, ita ma tana iya raba nata adireshin ta rikita na'urori. Umarnin netsh winsock reset da netsh int ip reset sukan share saitin da ya gurɓace, amma ka bar su sai ƙarshe. Idan kuma kana so ka san gaskiyar abokinka mai cewa a goge Windows ba tare da ka goge komai ba, ka tayar da kwamfutar da Linux daga filashi, in matsalar ta biyo ka can, ka san ba ruwan Windows.

Ɗalibin Ilimi:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malam Mai Gyara, Allah ya biya ku. Na fara da abin da ake yi a zaune. Speed & Duplex yana kan Auto Negotiation tun asali, na kashe saitin tattalin wuta, na danna Restart, babu canji. Da na sa adireshi da hannu, rubutun "Unidentified network" ya riƙa zuwa yana tafiya, ping zuwa rauta da ƙananan ƙunshi wasu suna dawowa wasu suna ɓacewa, amma da na tura masu bayit 1472 kusan duka suka ɓace.

Daga nan na kai kwamfutar falo na haɗa ta da gajeren kebul a ramin da dogon yake, na mayar da ita kan karɓar adireshi da kanta. Nan take ta samu 192.168.1 da lambarta, saurin ya nuna gigabit ɗaya, ping manya da ƙanana babu wanda ya ɓace. Ke nan dogon kebul ɗin ne.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na aro 'yar na'urar gwajin kebul mai fitilu takwas, na gwada dogon kebul ɗin, fitilun suka kama a jere daga 1 zuwa 8 a ɓangarorin biyu, babu wadda ta tsallake. Jerin launukan kuma iri ɗaya ne a kawunan biyu: fari mai ratsin lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, kore, fari mai ratsin shuɗi, shuɗi, fari mai ratsin ƙasa, ruwan ƙasa. Idan babu wayar da ta tsinke, kuma kawunan sun yi daidai da juna, to ina laifin yake? Shin sai an zare kebul ɗin daga silin an ja wani?

Malamar Fasaha:

Malam, ba sai ka zare komai ba, jerin launukan da ka rubuto ya bayyana laifin ƙarara. Wanda ya matse kawunan ya jera kowane tagwaye kusa da juna, lemo da ɗan'uwansa, kore da ɗan'uwansa, haka har ƙarshe, abin da hankali zai fara kawowa ke nan ga wanda ya saba da wayar wutar lantarki, inda abin da ake buƙata kawai shi ne wannan baki ya isa wancan baki. Etanet ba haka take ba. Na'urorin suna ɗaukar haƙora na 1 da 2 a matsayin tagwaye, na 3 da 6 tagwaye, na 4 da 5 tagwaye, na 7 da 8 tagwaye. A kebul ɗinka haƙori na 3 yana kan fari mai ratsin kore, na 6 kuwa yana kan shuɗi, wato sigina ɗaya aka raba wa wayoyi biyu da ba a murɗe su tare ba. Haka na 4 da 5 suka faɗa kan kore da fari mai ratsin shuɗi. Tagwaye biyu daga cikin huɗu an raba su da abokan murɗinsu.

Dalilin da ya sa wannan yake da illa yana cikin yadda ake aika siginar. Ba a kan waya ɗaya ake ɗora ta ba, a kan biyu ake ɗorawa, ɗaya kishiyar ɗaya, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu yake karantawa. Idan wayoyin biyu a murɗe suke da juna, duk wani katsalandan na lantarki da ya zo daga waje yakan same su daidai wa daida, sai ya soke kansa wajen ɗaukar bambanci, haka kuma abin da su kansu suke fitarwa waje yakan soke juna. Masu ƙera kebul har bambanta yawan murɗin kowane tagwaye suke yi domin kada su riƙa shiga maganar juna. Da aka raba tagwayen, wannan kariya ta tafi, kuma mafi muni, wayar da ke ɗauke da rabin wata sigina tana nannaɗe da wayar da ke ɗauke da rabin wata siginar daban tsawon mita 30, kowace tana zuba wa 'yar'uwarta hayaniya. Abin ya zama kamar mutum biyu suna magana a lokaci guda cikin kunne ɗaya, ana jin murya amma ba a fahimtar zance. Shi ya sa gigabit ya gagara, aka sauko 100, a can ma tagwayen 3 da 6 na cikin waɗanda ake buƙata, sai fitila ta kama amma ƙunshin bayanai suna lalacewa, manya fiye da ƙanana, daidai yadda gwajin da Malam Mai Gyara ya ba ka ya nuna.

Na'urar gwajin da ka aro ba ta yi ƙarya ba, iyakar saninta ke nan. Tana tura wuta ne a kowace waya ɗaya bayan ɗaya ta ga ko ta fito a haƙorin da ya dace a ɗaya bakin, kuma a kebul ɗinka ta fito. Ba ta da hanyar sanin wace waya aka murɗe da wace. Sai na'urori masu auna shigar sigina daga tagwaye zuwa tagwaye ne suke kama irin wannan kuskure, ko kuma ido, kamar yadda Injiniya ya sa ka yi.

Gyaran shi ne a yanke kawunan biyu a matse sababbi bisa ɗaya daga cikin tsare-tsare biyu da aka amince da su, T568A ko T568B. Jerin T568B daga haƙori na 1 shi ne: fari mai ratsin lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa, ruwan ƙasa. Ka lura yadda koren ya buɗe ya sa shuɗin a tsakiya. Wannan tsari gado ne daga ramukan tarho, inda layin farko yake kan haƙora biyu na tsakiya, na biyu kuma ya kewaye shi. T568A musanya wurin lemo da kore kawai ya yi, kuma babu wanda ya fi wani aiki, abin da ake so shi ne a yi amfani da iri ɗaya a kawunan biyu. Wajen matsewa kada a warware murɗin fiye da milimita 13, a tabbata kowace waya ta kai ƙarshen kan, rigar kebul ɗin kuma ta shiga ciki yadda maƙallin zai danne ta, ba siraran wayoyin ba.

Injiniyan Sadarwa:

Malama ta gama magana a kan musabbabin. Abin da zan ƙara shi ne, tun da za a yanke kawunan, Malam, ka duba cikin wayar. Idan mai ƙwaya ɗaya ce mai tauri, irin wadda aka yi domin a binne a bango, ta fi dacewa da a dasa ta a soket ɗin bango a kowane ɓangare, sannan a haɗa da gajerun kebul na kamfani masu laushi, domin wayar mai tauri takan karye a bakin kai idan ana yawan motsa ta. Ƙa'idar ma haka ta tsara, mita 90 na kafaffen kebul da mita 10 na gajerun, jimla 100. Soket ɗin yakan zo da zanen launuka na A da na B a jikinsa, wanda yake rage yiwuwar a sake irin wannan kuskure. Ka kuma kankare bakin waya ɗaya ka gani, idan cikinta fari ne, to alminiyom ne aka shafa wa tagulla, irin wannan kuwa bai cika ƙa'idar Cat5e ba ko da an rubuta a jikinsa, kuma yana saurin karyewa. Tun da mai aikin wuta ne ya ja shi, yana da kyau a leƙa silin a ga ko ya ɗaure shi tare da wayoyin wuta a tsawon hanya, in haka ne a raba su.

Ɗalibin Ilimi:

Alhamdu lillahi, an dasa kebul ɗin a soket biyu bisa tsarin B, cikin wayar tagulla ce zalla, kuma a silin ba a haɗe take da wayar wuta ba. Yanzu daga ɗakin kwamfutar tana samun adireshi nan take, saurin yana nuna gigabit ɗaya, ping mai bayit 1472 babu wanda ya ɓace. Malama, Injiniya, Malam Mai Gyara, Allah ya ƙara ilimi. Saura tambaya ɗaya: da na gwada saurin intanet a shafin gwaji, abin da na samu bai kai ko kusa da gigabit ba. Akwai sauran gyara ne, kuma in mayar da saitin tattalin wutar da na kashe?

Mai Gyaran Kwamfuta:

Madalla, ɗan'uwa. Gigabit ɗin da Windows take nunawa saurin da ke tsakanin kwamfutarka da rautar ne kawai, shafin gwaji kuwa yana auna layin da ke tsakanin gidanka da waje, wanda ba zai wuce abin da ka yi rajista da kamfanin intanet a kai ba. Da wannan adadin za ka kwatanta sakamakon, kuma ka yi gwajin a lokacin da sauran na'urorin gida ba sa sauke manyan abubuwa. Ko a cikin gida ma, tsakanin kwamfutoci biyu masu gigabit, abin da ake samu a zahiri yakan tsaya wajen megabit 940, domin wani kaso yana tafiya ga bayanan da ke rakiyar kowane ƙunshi.

Saitin tattalin wuta kuwa ka mayar da su yadda suke, tun da an tabbatar ba su ne masu laifi ba, amma ɗaya bayan ɗaya, kana lura ko haɗin zai riƙa yankewa bayan kwamfutar ta farka daga barci, in ka ga haka sai ka sake kashe wanda ya jawo. Ka kuma tabbata babu sauran adireshin hannu da ya rage a saitin katin, har da na DNS in ka sa. Idan wata rana kana buƙatar kwamfutar ta riƙe adireshi ɗaya da ba ya canzawa, a cikin rautar za ka keɓe mata shi ta amfani da adireshin MAC na katinta, wanda ipconfig /all zai nuna maka a layin Physical Address, domin ta haka rautar ba za ta bai wa wata na'ura wannan adireshin ba.